Hannun da Aka Auna

Shafi na 19

To masu cika min waya da "ina labari, ina labari", ku sarara min haka, ga shi nan. Ciwon haƙori ne ya kwantar da ni, ba yanga ba ce. Na gode da addu'o'inku.

Waɗanda suka shigo yau, ku matso ku ji inda aka kwana. Auta dai ita ce ƙaramar 'yar wani tsohon direban babbar mota, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai likitanci. Bara hawan jini ya kayar da Baba, hannunsa na hagu ya shanye, ita ce ta zama mai awon jininsa safe da yamma. Da jarrabawar shiga jami'a ta matso, aka tura ta wani gari wajen Goggo don ta yi karatu cikin natsuwa. Auta ta ce ba inda za ta sai Yayarta, wadda tela ce, ta yi alkawarin turo mata hoton na'urar awon kullum da safe. Yaya ta yi alkawari, ta kuma cika. Sakamako ya fito. Yau da ƙarfe shida na yamma ake rufe zaɓin makaranta.

Daga tasha Auta ba ta wuce gida ba. Tsohuwar makarantarsu ta nufa da jakarta a kafaɗa.

Ta tarar da malamin kimiyya a ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe. Ƙwarangwal ɗin roba na tsaye a lungu, wani ɗalibi mara kunya ya kafa masa hula.

"A'a, Likita! Shigo, shigo. Ban da wannan kujerar, ƙafa uku gare ta."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa wayarta ya ga makin. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, gaskiya za ka faɗa min. Kar ka lallashe ni."

"Yaushe na taɓa lallashinki? Ke da nake kora waje saboda gardama."

Ya goge hannu da tawul, ya zauna a bakin tebur.

"Makarantun likitanci biyu kike hange. Ta bakin teku, cire ta a ranki. Makin da suke nema, ko ni na zauna jarrabawar nan sai dai in dawo gida da fensirina."

Ta yi murmushin yaƙe.

"Ta kan tudu fa?"

"Ta kan tudu kin leƙa. Makinki ya haura inda suka yanke bara, amma da ƙyar, kaurin farce. In bana masu nema sun ƙaru, layin zai matsa sama ya bar ki a ƙasa. In bai matsa ba, za su kira ki intabiyu. A can kuma, cikin goma uku suke ɗauka."

"Uku."

"Uku. Sauran su koma gida su jira baɗi."

Ta karɓi wayarta.

"In na sa ta kan tudu a farko, na sa kwalejin garin nan da ke bayan asibiti a na biyu fa?"

"Kayya. Ai nan gizo ke saƙa. Ta kan tudu ba ta kallon wanda ya sa ta a na biyu, kwalejin ma ta koyi wannan girman kan. Layi biyu suka ba ki a shafin, amma zaɓi ɗaya ne gare ki. Kuma in kika tura, kin tura, ba a gyarawa."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Abin da zai taimake ki shi ne hannu. Suna zaunar da mutum ya yi kamar mara lafiya, su ga yadda za ki yi da shi. Yawancin yaran nan ba su taɓa riƙe hannun majinyaci ba, ke kuwa kin yi jinyar mahaifinki. Abin da zai kayar da ke kuma, bakin nan. Don Allah kar ki je ki gyara wa farfesa magana."

"Kai Malam!"

"Na san ki ne. Kwalejin bayan asibiti kuwa, yau kika sa ta, gurbinki ne, ko tantama babu. Sai dai ba likita za ki fito ba, mai gwajin jini za ki fito. Aiki ne mai daraja, ban raina shi ba. Amma ba shi ne ya hana ki barci shekarun nan ba."

"A gida zan riƙa kwana dai," ta faɗa a hankali. "Ta kan tudu wuni guda ce a mota."

"Shi ya sa zan tambaye ki. Ya jikin Baba?"

Nan fuskarta ta washe. Ta buɗe hotunan da Yaya ke turowa, ta riƙa turawa da yatsa. Na'ura a kan ƙyallen tebur mai shuɗayen furanni, lambobi lafiya lau, jiya kamar shekaranjiya.

"Kai! Wannan ai ya fi nawa kyau. Tsohon nan jinin budurwa gare shi."

Suka yi dariya su biyu. Allah sarki Auta, har da riƙe ciki.

"To in haka ne, me kike jira? Je ki gwada. In kin faɗi, ki dawo nan mu sake daga farko, allina bai ƙare ba."

Idonta ya kawo ruwa. Mutumin nan shekara biyu yana tsayawa bayan an tashi yana koya mata, ko ruwan sanyi bai taɓa sha a gidansu ba.

"Malam, ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Da bakin da za ki rufe a gaban farfesa. Tashi ki je gida."

Tun daga bakin layi ta jiyo ƙarar keken ɗinki. Ɗakin gaba shi ne shagon Yaya, ƙyallaye ko'ina, rigunan mutane rataye a ƙusa.

Yaya ta ɗago, tef a wuya, allura a baki. Ta zaro ido.

"Ke! Ba gobe kika ce ba?"

"Na fasa. A gaban Baba nake so in tura."

Suka rungume juna. Yaya ta rame, Auta ta ji ƙashin kafaɗarta, amma ta ce a ranta aikin ɗinki ne.

Baba na kujerarsa ta bakin taga. Ƙaton mutum ne har yanzu, damtsensa kamar na mai ɗaukar buhu. Hannun hagun na kan cinya an rufa masa ƙaramin tawul, gefensa wata ƙwallo da aka dunƙule da guntayen yadi.

"Auta ta... Likitan gidan nan," ya faɗa. Maganarsa na ɗan ja, amma ta fita.

Ta zube a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa. Ta ba su labarin Malam kaf, da kaurin farce, da uku cikin goma.

"Na yanke shawara, Baba. Ta kan tudu zan sa. Tunda jikinka ya yi kyau haka, hankalina a kwance yake."

Baba ya kalli Yaya. Yaya ta kalli silin.

"Alhamdulillahi," in ji Yaya da sauri. "To tura mana yanzu mu huta. Kawo wayar."

"Saurin me? Akwai lokaci. Bari in auna Baba da hannuna tukuna, na yi kewar aikina."

"Ai na auna shi da safe!"

"Na yamma fa?"

Kafin Yaya ta zagayo kujera, Auta ta shige ɗakin Baba.

Na'urar na kan tebur, kan ƙyallen nan mai shuɗayen furanni. Ta ɗauka tana 'yar waƙarta. Sai ta tsaya cak.

Maɗaurin da ke jikin na'urar ƙaramin ne, wanda aka sayo ta da shi. Wannan ko rabin damtsen Baba ba ya zagayewa, shi ya sa tun bara ta nemo babba.

Ta ja aljihun tebur. Ga babban can ciki, a naɗe, ɗaure da jar robar gashinta, yadda ta bar shi da hannunta. Har ƙura ta kwanta a kai.



Ta ciro waya, ta buɗe hoton jiya, ta ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. A can gefe, bakin hoton, wani ɗan wuyan hannu ya leƙo. Siriri. Da tabon dutsen guga a jiki.

Ta san tabon nan. Ita ta shafa masa magani.

Ta fito ta wuce Baba ba ta kalle shi ba, ta shiga shago. Yaya ta koma kan keke tana ta taka shi kamar ana korarta.

"Yaya."

"Bari in ƙarasa wannan kalmasa."

Auta ta ɗora maɗauran biyu a kan yadin da ake ɗinkawa. Keke ya tsaya.

"Hannun wa kike aunawa?"

"Wane irin hannun wa?"

"Yaya, kar ki maida ni yarinya. Wannan ba ya shiga hannun Baba. Wannan kuma ba a taɓa shi ba tun tafiyata. Hannun wa?"

Yaya ta cire allurar bakinta ta soke a jikin riga. Ta yi ajiyar zuciya.

"Wallahi tun jiya nake cewa zan canza shi. Ke ce kika zo ba ranarki ba."

"Au, laifina ne ma?"

"Rage murya, yana ji."

"Ya ji mana! Wata da watanni ina can ina wa Allah godiya a kan jininki? Na nuna wa Goggo, na nuna wa Malam! Malam har cewa ya yi jinin budurwa, ashe gaskiya ya faɗa!"

Yaya ta kusa yin dariya, ta danne.

"Dariya ma kike? Mutum mai hawan jini, ki bar shi ba awo? In da wani abu ya same shi fa? Dama na sani, ke da kike manta almakashi a cikin firji, ta yaya zan bar miki Baba!"

Wannan maganar ta shiga. Fuskar Yaya ta canza, ta miƙe tsaye.

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Na ce zauna, ko ba ni na goya ki ba?"

Auta ta zauna a kan buhun ƙyallaye tana huci.

"Kin tuna makon farko da kika tafi? Na auna shi tsakani da Allah, na turo miki. Jinin ya hau. Me kika yi?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ki faɗa mana. Kika bar littattafai, kika hau mota kika taho, kika yi kwanaki a nan kina kuka kina awo. Jarrabawar gwajin da aka yi a lokacin, kin zauna?"

"Ban zauna ba."

"To ranar da kika koma, Baba ya kira ni. Ya ce in na sake turo miki lamba mara kyau bai yafe ba. Na ce Baba na yi mata alkawarin hoto. Ya ce alkawarin hoton na'ura kika yi, ba ki ce hannun wa ba."

"Shi ne kika bar shi haka?"

"Wa ya ce miki na bar shi? Kullum kafin in buɗe shagon nan sai na riƙe shi mun taka har ƙaramin asibitin ƙarshen layi. Nas ce ke auna shi, da tata na'urar, don ni tsoron kuskure nake. Likita ya canza masa magani. Gishiri kuwa na ɓoye shi, har yau Baba bai san inda yake ba, gaba muke a kan haka."

Auta ta ɗago ta kalle ta.

"Jinin yana sauka?"

"Wata rana ya sauka, wata rana ya hau. Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba." Ta gyara tef ɗin wuyanta. "An taɓa kwantar da shi ma."

"An kwantar da shi? Yaushe?"

"Makon jarrabawarki."

Auta ta dafe ƙirji.

"Amma... amma makon nan kullum kin turo hoto. A kan teburinsa. Na ga ƙyallen."

"Ƙyallen na naɗe na tafi da shi asibiti. In na fito baranda sai in shimfiɗa a kan benci, in ɗora na'ura, in ɗaura a hannuna. Masu jinya suna ta kallona, wata tsohuwa har ta tambaya ko ni ma gado zan karɓa."

Wayyo. Nan fa Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tuna safiyar jarrabawa, tana bakin ƙofar shiga, hoton ya shigo. Ta kalli lambobin ta ce alhamdulillahi, ta shiga da ƙarfinta. Ashe a lokacin Yaya na zaune a barandar asibiti ita kaɗai, ba ta runtsa ba.

"Ranar ma wahala na sha," in ji Yaya tana share ido da bakin mayafi. "Nawa jinin ya ƙi ba ni haɗin kai, ya hau shi ma. Na zauna na yi ta jan numfashi ina sakewa, sai da ya sauko na ɗauka. Akwai ranar da ya ƙi sam, wata mai kawo ɗinki na roƙa ta ara min hannu. Na rage mata kuɗin kalmasa."

Dariya ta ƙwace wa Auta a tsakiyar kuka. Ta rarrafa ta kama hannun Yaya, mai tabon, ta riƙe da hannu biyu.

"Yaya, ki yafe min maganar almakashi."

"Ai gaskiya ce, yana firjin ma yanzu haka."

"Na gode. Wallahi na gode. Makin nan naki ne, ba nawa ba. Da na san halin da ake ciki ko sunana ba zan iya rubutawa ba."

"To tashi ki tura."

Auta ta saki hannun. Ta goge fuska.

"Zan tura. Kwalejin bayan asibiti zan sa."

"Ba ki da hankali!"

"Da hankalina. Duk lissafin da na yi a kan Baba ya warke na yi shi. Bai warke ba. In tafi wuni guda a mota, a kan uku cikin goma? In ban samu ba na yi asarar shekara. In na samu na bar ki da wannan nauyin shekara da shekaru. Dubi yadda kika koma. Ta ina na ci riba?"

"Wato duk matsar da hannuna ya sha a banza?"

"Ba a banza ba, ai zan yi karatu."

"Karatun da ba shi kike so ba!" Yaya ta buga tebur, zare ya gangara ƙasa. "Kin auna makinki, kin auna makarantu, kin auna Baba. Ni fa? Kin sa ni a lissafin? Ke kaɗai ya haifa? Ni ban isa in riƙe ubana ba sai kina tsaye a kaina?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kike nufi. Tun rasuwar Mama kike ganin in ba ke ba gidan nan rushewa zai yi. Ga shi kin tafi, kin dawo, yana tsaye."

Karon farko a tarihin gidan nan da gardama ta ƙare wa Auta.

Daga ciki muryar Baba ta taso.

"In kun gama... ku zo. Ku taho da abin awon."

Suka shiga sumui-sumui. Agogon bango ya nuna shida saura kwata. Rana ta karkato ta taga ta kwanta a ƙafafunsa.

"Ni na sa ta," ya ce. "In faɗa za ki yi, ga ni."

Auta ta durƙusa.

"Ba faɗa, Baba. Godiya ce. Amma ba zan tafi ba."

"Malaminki... nawa ya ce?"

"Uku cikin goma."

Ya juya wajen Yaya.

"Ranar da na faɗi, likita nawa ya ba ni?"

"Bai ba da ko ɗaya ba, Baba. Kai kawai ya girgiza."

"To kin ji. Ke har uku aka ba ki, kina yanga."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Shekarun da na yi a kan titi, ina tuƙi ina cewa a raina, a gidana za a yi likita. Yaran mota har Baban Likita suke ce min, kina aji biyu a lokacin. Yanzu ki ce saboda ni za ki fasa? In zauna a kujerar nan ina kallonki kina wucewa da abin da ba ki so? Wannan ai shi zai ƙarasa ni, ba gishiri ba."

Hawaye na zuba, ta kwance jar robar, ta warware babban maɗaurin.

"To mu yi haka. Zan auna ka yanzu, da hannuna, a hannunka. In ya yi kyau, ta kan tudu. In ya hau, ina gida. Ba wanda zai ƙara magana."

"Auta!" in ji Yaya.

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Auna."

Ta naɗe masa hannun riga na dama, ta zagaya maɗaurin a damtse, ta manne. Ta ɗora na'urar a kan cinyarsa ta latsa. Na'ura ta fara gurnani, maɗauri na kumbura.

"Kar ka motsa hannun, Baba."

"Wannan ba zai motsa ba."

Sai tawul ɗin da ke kan cinyarsa ya zame ya faɗi.

Hannun hagu. Hannun da Auta ta bari kamar ba a jikinsa yake ba, wanda sai an ɗaga an ajiye. Ya taso a hankali yana rawa, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya tafi, ya tafi, ya sauka a kan fuskar na'urar ya rufe ta ruf.

Auta ta ƙame.

"Baba... hannunka!"

"Aikin yayarki ne. Ita da wannan ƙwallon tsummar. Safe da yamma sai na matsa, in na ƙi ta hana ni shayi. Muguwa ce, ba ki sani ba."

Yaya ta juya baya tana goge ido da tef.

"Mun so sai kin tura mu nuna miki," ta ce.

Na'ura ta yi ƙara, ta saki iska. Lambar ta fito, tana ƙarƙashin tafin Baba.

"Ɗaga in gani."

"A'a. Zaɓi tukuna."

"Ai mun yi magana, Baba."

"Ke kika yi magana. Lambar nan ta yau ce, gobe wata ce. Ba za ki ɗora rayuwarki a kanta ba. Kin ga hannun nan? To kin ga wadda za ki bar ni a wajenta. Zaɓi."

Ta kalli agogo. Ta kalli hannun, yana rawa amma bai janye ba. Ta kalli Yaya, da ramarta, da tabonta, da zare manne a gefen zani.

"Yaya, za ki iya?"

"Da wa ya iya?"

"In na tafi, hoton gaskiya za ki riƙa turo min. Har da fuskarsa a ciki."

"Na yi alkawari. Wannan karon har da hannun wa."

Auta ta ciro waya. Ta buɗe shafin, ta taɓa layin farko, ta zaɓi ta kan tudu. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta yi bisimilla ta latsa.

Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, kamar ba zai tsaya ba.

An karɓa.

Ta kifa goshinta a gwiwar Baba.

"Na gode, Baba. Na gode, Yaya. Ko ban samu ba, wallahi na gode."

"Za ki samu," in ji Yaya. "Ki dai rufe baki a gaban farfesa."

Baba ya yi dariya, irin wadda suka daɗe ba su ji ba. Sannan a hankali ya janye hannunsa daga kan na'urar.

Auta ta duba.

Ta sake dubawa.

Ta ɗago ta kalli fuskar Baba da kyau, ta ga zufar da ta tsattsafo masa a goshi, ta ga yadda yake ƙifta idon dama. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Yaya, ɗauko masa takalmi, asibiti za mu."